Garsar Naziha

Masu rubuta littattafan hikaya suna da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi. Da zarar yarinyar da ke cikin labarinsu ta fara girma, sai bishiyar ƙofar gidansu ta yi fure, ranar da aka ɓata mata rai kuma sai ganye ya zube. A wurinsu ado ne kawai, su rubuta, su rufe littafi, su je su ci abinci. Da ma su zo ƙauyenmu, can cikin dabinon Jarid, su ga gidan da ya ɗauki irin wannan magana da gaske, su ga abin da ta yi wa Naziha 'yar Balgasim a shekarar da ta cika sha takwas.

Naziha 'yar firit ce tun tana ƙarama, ga baki, ga saurin tafiya kamar an aike ta ɗebo wuta. Ita kaɗai ce mace a ɗakin uwarta Shadliya, ita kaɗai ce kuma boko ya karɓa. Yayyenta maza tun ba su yi gemu ba suka iya hawa dabino da ƙafa ba takalmi, ita kuwa lambun gidansu ta baki kawai ta san shi. Za ta gaya maka bishiyar da 'ya'yanta suka fi zaƙi, amma ba ta taɓa riƙe fartanya ba. Kullum tana lungu da littafi, babu kuma wanda ya dame ta, don ubanta ya ce a bar masa ita ta yi karatu.

A makon farko na watan Agusta takarda ta zo. An ba ta gurbi a makarantar koyon aikin ungozoma a birnin Safakus, ta kai kanta ranar ashirin ga Satumba, da sa hannun ubanta a ƙasan takardar. Wadda ba ta je ranar ba, a ba wata gurbinta, ba a ajiye wa kowa. Gwaggonta Dalanda, ƙanwar Balgasim, ta rangaɗa guɗa har kajin maƙwabta suka watse. Shadliya ta fashe da kuka. Balgasim ya juya takardar gaba da baya yana murmushi, duk da cewa rabin abin da ke ciki bai iya karantawa ba.

Kaka Rebah, uwar Balgasim, tana zaune a kan tabarma tana jan carbi. Ta bari sai da hayaniya ta lafa, sannan ta ce, "To, a fito da ƙarfe."

Nan take murmushin Balgasim ya ɗauke.

A gidan nan, tun kakannin kakanni, duk wanda zai bar gida ya daɗe sai ya dasa garsa tukuna. Garsa ita ce 'yar da uwar dabino ke goyo a gindinta. Mai tafiya shi zai sa ƙarfe ya yanke ta daga jikin uwar da hannunsa, ya dasa, ya ba ta ruwa kwana arba'in, ba mai taya shi, ba mai ce masa yi kaza ko bar kaza. Ranar arba'in wanda yake babba a gidan zai zura hannu ya ja ɗan ganyen tsakiya, wanda muke kira zuciya. In ya riƙe gam, garsa ta kama, mai tafiya ya tafi da albarka. In ya zare ya biyo hannu, ba tafiya.

Sau ɗaya aka taɓa karya wannan. Lahdar, autan Kaka Rebah, garsarsa ta mutu, amma marigayi ubansa ya ce camfin mata ne, yaro ya tafi neman aiki. Ya tsallaka iyaka. Wata bakwai bayan haka motar da ta ɗauko su ta kife a hanya, ko gawarsa ba a kawo ba. Shekara ashirin da biyu ke nan, har lokacin da takardar nan ta zo Kaka ba ta yarda a ambaci sunansa a lokacin cin abinci.

Balgasim ya yi gyaran murya. "Inna, a Agusta? Wa ke dasa garsa cikin wannan wuta? Ni kaina in na dasa goma yanzu, da ƙyar biyar su kama."

"Ni na ce ta tafi cikin wannan wuta?" in ji tsohuwa.

Naziha ta kasa haƙuri. "Haba Kaka! Wai ni dabino ce?"

"Da ke dabino ce, ai da mun huta da surutu."

"Shekara sha uku ina karatu, Kaka. Na ci jarrabawar da 'yan birni suka faɗi. Yanzu a ce wani ɗan ganye ne zai yanke mini hukunci?"

"Malama, ban ce ba ki da ƙwaƙwalwa ba. Na ce a fito da ƙarfe." Ta juya wajen ɗanta, da idanunta da yanar tsufa ta fara rufewa. "Kai kuma, wannan takarda ba za ka sa mata hannu ba sai na zura nawa hannun."

Naziha ta dubi ubanta, tana jira ya ce wani abu. Ya ninke takardar ya sa a aljihun rigarsa, kansa a ƙasa. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta shige ɗaki ta ƙi cin kuskus ɗin da uwarta ta dafa don murna. Amma ko tana fushi ta iya lissafi. In ta dasa jibi, kwana arba'in zai cika saura kwana biyar a rufe ƙofar makaranta.

Ranar dashi da sassafe duk gidan suka ɗunguma lambu. Aka shimfiɗa wa Kaka tabarma a gindin bishiyar ruman, inda ta saba zama. Naziha ta zagaya uwar dabinon sau uku, ta zaɓi garsa mai kauri, ta tone ƙasar da ke kewaye da ita har ta ga inda ta haɗe da uwar, wurin da ake kira cibiya. Nan ake son a sa bakin ƙarfe a yanke sumul, kada a ji wa uwa ciwo, kada a farfasa gindin 'yar. Ƙarfen kuwa dogo ne mai faɗin baki, ya kusa kai ta tsawo.

"Oho!" in ji Gwaggo Dalanda. "Mai son yanke cibiyar 'ya'yan mutane, ga ta farko nan. Mu gani."

Naziha ta ɗaga guduma ta buga. Ƙarfe ya zame. Ta sake saita shi ta buga, ya shiga a karkace. Balgasim yana tsaye, hannayensa a baya, yana cizon leɓe, gumi na bin wuyansa kamar shi ke aikin. Sau biyu ya buɗe baki, sau biyu uwarsa ta yi tari, ya rufe. Kafin rana ta take tafin hannun Naziha ya yi ƙulaƙulai sun fashe, ƙotar guduma ta jiƙe da jini. Sai can wajen bugu na talatin aka ji ƙas, garsa ta kwanta gefe.

Kaka ta sa aka jawo mata ita. Ta shafa wurin yankan da yatsunta, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ya karkace," ta ce. "Amma bai fashe ba. Dasa."

Naziha ta dasa ta a ramin da ta haƙa kusa da magudanar ruwa. Ta tattake ƙasa, ta tattara ganyen ta ɗaure, ta naɗe ta da busasshiyar zarɓa, wato reshen dabino, kamar yadda ta ga ana yi, sai 'yan kawunan ganye ke leƙowa ta sama. Ta ja mata ruwa ya kewaye gindinta. Da ta miƙe, bayanta ya riƙe, amma a ranta ta ce ashe abin bai fi haka ba.

Kwana goma sha ɗaya komai ya tafi daidai. Safe da yamma tana zuwa ta buɗe wa garsa ruwa. Har ta fara yi wa Kaka tsiya, tana cewa ta shirya kuɗin tsaraba, don ba za ta kawo wa mai hana ta tafiya ko alewa ba.

Ranar sha biyu shihili ya taso, iskar nan mai zafi da ke fitowa daga kudu. Wanda bai taɓa shan ta ba, ya buɗe murfin tanda ya kai fuskarsa. Kwana da kwanaki tana hurawa, kaji suka buɗe baki, jakuna suka ƙi tafiya. Daga hantsi maza ke barin lambu, ba mai komawa sai bayan la'asar. Naziha ta kasa zama a gida. Da tsakar rana ta yafa mayafi ta je duba garsarta, ta tarar kawunan ganyen sun ƙone sun zama ruwan ƙasa, ta taɓa ɗaya ya karye a hannunta.

Ganyen waje na sabuwar garsa dole ya bushe, ko da shihili ko babu. Kowa a ƙauyen nan ya san wannan. Akwai kuma abu na biyu da kowa ya sani, sanin da ya sa ba wanda ya taɓa tunanin faɗarsa da baki: garsa a ƙafa take shan ruwa, ba a zuba mata a ka. Ruwan da ya shiga ta sama ba shi da mafita, sai ya kwanta a zuciya, zafi ya dafa shi, ta ruɓe daga ciki. Naziha ba ta sani ba. Abin da ta sani shi ne na littafi, cewa yaron da zazzaɓi ya yi wa zafi ana jiƙa masa kai. Ta ɗauko bokiti, ta cika a magudana, ta tuttula a kan garsa tun daga sama. Ruwa ya bi zarɓa ya shige ciki, wani ɗan sanyi ya taso, hankalinta ya kwanta.

Kwana tara ta yi tana haka, kullum da azahar, wani lokaci bokiti biyu. Kaico! Da son ta da tsoronta ta yi ta ɗura mata ajali. Ba kowa a lambu a wannan lokaci sai Kaka Rebah, wadda ta ce ɗaki ya fi waje zafi, tana kishingiɗe a gindin ruman, carbi a hannu, kai a sunkuye. Naziha takan ce mata, "Sannu da hutawa, Kaka," ba amsa, sai ta ce barci ya kwashe ta.

Shihili ya wuce. Kwanaki suka yi ta tafiya. Shadliya ta fara ɗinka mata riguna a ɓoye, ta cika kwalba biyu da zaitun ta tura ƙarƙashin gado.

Ranar talatin da uku da yamma, Naziha ta durƙusa tana gyara bakin ruwa sai wani wari ya bugi hancinta, mai tsami, irin na abincin da ya kwana uku a tukunya. Ta ga ƙananan ƙudaje suna shiga suna fita ta saman zarɓa. Ta waiga dama da hagu. Ba kowa. Ta san haramun ne ta taɓa zuciyar kafin ranar, amma hannunta ya riga ya shige. Ta kama ɗan ganyen da yatsu biyu, ba ta ma ja da ƙarfi ba, ya zaro suɓul. Gindinsa baƙi ne, yana yauƙi.

Ta daɗe a durƙushe tana kallonsa. Sannan ta mayar da shi cikin raminsa, ta danna, ta gyara zarɓa, ta wanke hannu a magudana har sau huɗu.

Kwana biyu ba ta gaya wa kowa ba. A na uku ta bi ubanta lambu da safe, ta same shi yana wasa lauje, ta faɗa masa. Ya ajiye laujen.

"Me kika yi mata?"

"Ba abin da na yi mata sai alheri, Baba. Ko lokacin shihili kullum sai na jiƙa mata kai."

"Kai? Ruwa kika zuba mata a ka?" Ya dafe goshi. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ke Naziha! Duk karatun nan?"

"Wa ya gaya mini? An ce kada wanda ya gaya mini komai!"

Ya tashi ya yi taku uku ya dawo. Ya rage murya. "Saurara. Akwai wadda na dasa tun bazara can ƙarshen lambu, ta kama sosai. Girmansu ɗaya. Gobe kafin kowa ya fito na tono ta da ƙasarta na sa a ramin taki. Idon Inna ba ya gani."

"Hannunta yana gani. Ta shafa yankana, ta san ya karkace. Naka kuwa ba ya karkacewa."

Ya kawar da kai, don ya san gaskiya ta faɗa.

"To ka sa hannu kawai mana, Baba. Takardar tana aljihunka."

"Ba zan iya ba." Ya dafe aljihun. "Ke ba a haife ki ba lokacin. Ni na ga Inna tana bin motoci a bakin titi wata uku, tana tambayar direbobi ɗanta. Ba zan sake sa ta a wannan hali da hannuna ba, ko me zai faru."

Naziha ta sunkuyar da kai tana tona ƙasa da ɗan yatsa. Abin da ya hana ta barci kwana biyu ya fito da kansa. "Baba, in kuma gaskiyar Kaka ce fa?"

"Wace gaskiya? Ruwa kika zuba, ta ruɓe. Shi ke nan."

"Baffa Lahdar ma ai wani abu ne ya kashe tasa. Ko rana, ko ruwa. Amma dai ta mutu, shi ma bai dawo ba."

Balgasim ya ɗauki laujensa ya ci gaba da wasawa, ko da yake ya riga ya yi kaifi.

Wannan shi ne abin da ya fi ci mata rai a kwanakin da suka rage. Ita da ta yi wa al'adar dariya a gaban kowa, yanzu ko ƙarar mota ta ji a titi sai ta tuna Baffa Lahdar. Tana son tafiyar nan kamar ranta, tana kuma tsoronta. Safe da yamma ta ci gaba da zuwa tana ba mushen garsa ruwa don kada a gane. Gwaggo Dalanda ta ce mata, "Ke 'yar nan, kin rame. Tun ba a je birni ba an fara yangar ƙin cin abinci?" Ta yi yaƙe ta wuce.

Ranar arba'in bayan la'asar aka sake ɗunguma lambu. Shadliya ta zo da tiren shayi, ta ga fuskar mijinta ta san akwai magana. Yayyen Naziha biyu suka riƙo Kaka, suka durƙusar da ita a gaban garsa. Tsohuwa ta naɗe hannun riga. Ta yi bismillah, ta zura hannu ta saman zarɓa har gwiwar hannu.

Ƙudaje suka tashi.

Gwaggo Dalanda ta ja hanci. "Ni kam wani wari nake ji."

"Bakinki ne ya yi kusa da hancinki," in ji Kaka, ba ta ko juyo ba.

Ba wanda ya yi dariya. Hannun tsohuwa yana ciki, bai motsa ba. Naziha tana tsaye daf da ita, tana ganin jijiyar wuyanta tana bugawa. Ta san yatsun nan sun riga sun kama ganyen, sun ji ba abin da ke riƙe da shi. Saura kawai a zaro shi a ɗaga sama kowa ya gani. Ta ji ba za ta iya tsayawa a yi mata haka ba, gara ta faɗa da bakinta.

"Kaka, kada ki wahalar da kanki," ta ce. "Ta mutu. Ni na kashe ta, na yi ta zuba mata ruwa a ka. Tun mako guda da ya wuce na zare zuciyar na mayar."

Shadliya ta ajiye tire a ƙasa ta rufe baki da mayafi. Balgasim ya runtse ido.

Kaka Rebah ta zaro hannunta a hankali. Ba komai a cikinsa. Ta goge shi a zanenta, ta ɗago fuska.

"Wa ya tambaye ki?"

"Kaka, na ce..."

"Na ce wa ya tambaye ki? Ke ce babbar gidan nan, ko ni? Hannunki aka ce a zura, ko nawa?" Ta juya wajen sauran, ta ɗaga murya yadda har na bayan katanga zai ji. "Ta kama. Na ja ta riƙe gam."

"Amma Inna, yarinyar da kanta ta ce..." in ji Gwaggo Dalanda.

"Yarinyar da ba ta san kan dabino daga gindinsa ba? Tsoro ne ya sa ta sambatu. Ke kuma in ba za ki yi guɗa ba, ki koma gidan mijinki." Ta miƙa hannu a tashe ta. "A ƙara mata zarɓa a ɗaure. Kada wanda ya buɗe ta sai na ce. Balgasim, ina takardar? Sa hannu ina tsaye."

Ya fito da ita, ta yi laushi don daɗewa a aljihu. Ya ɗora a gwiwarsa ya sa hannu. Gwaggo Dalanda ta yi guɗa, amma gajeriya, ba irin ta ranar farko ba. Duk wanda ke wurin yana da hanci, kuma ba wanda ya ƙara cewa uffan.

Kwana uku Kaka ba ta yi wa Naziha magana ba. In ta shigo ɗaki sai tsohuwa ta juya fuska bango. Abinci ma sai an yi da gaske take cin loma biyu.

Ranar tafiya, rana ta ɗan ɗaga, motar haya ta tsaya a bakin titi tana ta hon. An fitar da akwati da kwalaben zaitun da kwalin dabino. Kowa ya fito rakiya ban da Kaka. Naziha ta ce a ba ta minti ɗaya, ta koma ciki. Ta same ta zaune a bakin gado, carbi a cinya, ba ta ja.

"Kaka, zan tafi."

"Rufe ƙofar."

Ta rufe. Tsohuwa ta lalubo wuyan hannunta ta riƙe da ƙarfin da Naziha ba ta san tana da shi ba.

"Kina tsammanin barci nake yi a gindin ruman?"

Naziha ba ta gane ba tukuna.

"Idona ya mutu, kunnena bai mutu ba. Na san ƙarar ruwa a ƙasa, na san ƙararsa a kan zarɓa. Tun bokitin farko na ji. Kwana tara ina jin ki." Ta ƙara matse hannun. "An ce kada a gaya wa mai dashi komai, gaskiya ne. Amma da tari ɗaya na yi, da kin tsaya kin yi tunani. Ban yi ba. Ba don al'ada na yi shiru ba, 'yar nan. So nake ta mutu ki zauna."

Hon ya sake tashi a waje. Naziha ta durƙusa a gabanta.

"Da na zura hannu na ji ta a sake, sai na ce, Rebah, wannan ba hukuncin Allah ba ne, aikinki ne. In na hana ki da ita, na cuce ki, kuma zan tsaya gaban Ubangiji da wannan."

"To ai shi ke nan, Kaka. Tunda mu muka kashe ta, ba wata alama ba ce. Ko ba haka ba?"

Tana so tsohuwa ta ce haka ne. Ta zuba mata ido tana jira. Kaka ta girgiza kai, hawaye na bin tamojin fuskarta.

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ta Lahdar ma na daɗe ina cewa ko akuya ce ta ci. Kwana uku ke nan ina roƙon abu ɗaya. Ni na yi shiru, ni na yi ƙarya a gaban 'ya'yana. In akwai abin da zai faɗo saboda garsar nan, ya faɗo a kaina, ya bar ki." Ta saki hannunta ta tura ta. "Tashi ki tafi, kada direban nan ya tara mana jama'a."

Naziha ta tafi. Tun daga ƙauye har Safakus, awa biyar da wani abu, tana riƙe da kujerar gabanta da hannu biyu, duk lanƙwasar da mota ta sha sai ta yi salati. Ta isa lafiya. Ta yi shekara uku ta gama, ta dawo, aka ba ta ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitin yankinmu. Yau shekararta talatin da ɗoriya a wurin. Rabin matasan da ke hawa dabino a ƙauyukan nan ita ta yanke musu cibiya, masifarta kuma ba ta ragu ba, ko miji ne ya tsaya mata a ƙofa sai ta kore shi.

Kaka Rebah ba ta ga dawowarta ba. Wata biyar da tafiyar Naziha, cikin sanyin Fabrairu, ta kwanta da ɗan tari, kwana huɗu ta cika. Ta haura tamanin, ƙirjinta kuma dama ba lafiya gare shi ba. Naziha ta san sunan ciwon, ta san yadda yake kama tsofaffi, ta yi wa ubanta bayaninsa dalla-dalla da ta zo ta'aziyya, shi ma ya gyaɗa kai ya ce kwana ne ya ƙare. Abin da Kaka ta faɗa mata a ɗakin nan safiyar tafiyarta, sai da ta yi furfura sannan ta iya gaya wa wani.

Ni da ta gaya wa, na yi wautar tambayarta ko a ganinta roƙon tsohuwa ne aka karɓa. Ta harare ni, ta ce mace mai ilimi ba ta amsa irin wannan shirme. Sai kuma ta daɗe tana kallon hannunta. Daga nan ta tashi ta ce akwai mai naƙuda tana jiranta, alhali ranar ba ta da aiki.